Hannun Aro

"A'a. Na ce a'a, kuma ba da kurma kake magana ba, na ji ka tun karon farko. Kada ka sake ce mini takarda ce kurum. Na san takardar nan tun ba a yaye ka ba."

Rekiya ke magana. Tana zaune bisa kifaffen turmi a tsakar gidanta na Kaura, can bayan tashar jirgi, da faifan wake bisa cinya tana tsince tsakuwa. Wanda take yi da shi yana bayan danga. Sanda ne, mijin Safiya, ɗiyar da ta rena, kuma suruki ko faɗa ya kawo shi ba ya shigowa ya haɗa ido da uwar matarshi. Muryarshi kaɗai ke ratso karan dawa, ƙasa-ƙasa, da ladabi, irin ladabin mutumin da ya gama yanke abin da za ya yi tun daga gida.

"I, na ji. Namiji ne mai allurar. To, direban da za ya cusa ta tsakanin buhunan albasa kwana huɗu, shi mace ce? ... Kada ka ce mini Inna da wagga murya. In kana son abu ka iya Inna. Ranar da ka zo ɗaukar ta ko ruwan gidan nan ba ka tsaya sha ba."

Abin da ya kawo Sanda ba ɓoyayye ba ne. Ɗan Shinkafi ne, yana sayen shanu ranar Alhamis ya kai su Abijan, har ya samu ɗaki can, yanzu yana son ya ɗauki matarshi su tafi. A kan iyaka kuwa ba a barin mutum ya wuce sai ya nuna wani kati mai launin ɗorawa, shaidar an yi mishi allurar shawara. Ba shawarar nan tamu ba, da ake jiƙa saiwar rawaya a sha kwana bakwai ido ya washe. Wata ce ta ƙasashen kurmi, sauro ke kawo ta, in ta kama mutum sau da yawa ba ta sakinshi. Sanda ba ya son wani ƙato ya kama damtsen matarshi. Ya ji wajen tsofaffin Shinkafi cewa a da akwai dabara: a rubuta sunan matar gida bisa kati, a aiki wata ta je ta miƙa hannu. Ya kuma ji cewa duk ƙasar Kaura ba wadda ta kai surukarshi iya wanga aiki. Shi ya sa ya zo da goro cikin ganye, ya turo ta ƙarƙashin danga. Goron na nan inda ya turo shi, kaji na kewaya shi.

Safiya tana cikin ɗaki, bayan asabari. Bankwana ta zo yi na kwana biyu. Ta ce ninke kaya take yi, amma tun da anka fara maganar ba a ji motsin zane ko ɗaya ba. Rekiya ta san tana saurare, kuma wannan ne ya sa harshenta, da ba ya tsoron kowa a kasuwa uku, yake ta kewaye-kewaye kamar akuya a turke. Akwai magana ɗaya da za ta kashe gardamar nan take. Shekara goma sha takwas tana riƙe da ita, ba ta taɓa bari yarinyar ta ji ba.

Tsofaffin Shinkafi ba ƙarya sunka yi ba.

Rekiya mutuniyar Zurmi ce, aure ya kawo ta Kaura. Mijin ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika, ta ƙi komawa gida, ta ƙi sake aure, ta kama dillanci. Gida-gida take shiga, gidajen da mata ba su fita. Ita ke sayar musu da abin da sunka saƙa, ita ke sayo musu zane a Shinkafi, ita ke kai gaisuwar mutuwa a madadinsu in garin da nisa. Ƙafarsu ce ita. Sannu a hankali ta zama bakinsu, daga nan ta zama jikinsu. In matar Sarkin Fawa na ciwon mara, Rekiya ce za ta je ɗakin magani ta dafe mara ta yi nishi, a ba ta kwalba, ta kawo. In amaryar wani na tari, Rekiya ta je ta yi tari. Wata rana ta yi ciwo uku kafin azahar, har mai ba da magani ya ce, "Iya, ke kam da mi kike yawo?" Ta ce da ikon Allah, kamar kowa. Kuma abin na tafiya. Wadda anka karɓo wa ta sha ta warke, ko ta sha ta ƙi warkewa, kamar dai yadda za a yi ko da ita ta je da ƙafarta.

Sai zamanin da naira ta fito, hannun 'yan kasuwa ya buɗe, kowane alhaji na son ya kai matarshi Makka. Ga fasfo, ga hoto, ga allura. Hoto dai ba yadda za a yi, sai fuskar mai ita. A kira mai hoto har gida, a kafa baƙin zane a jikin bango. Amma katin allura ba hoto jikinshi. Suna ne, da hatimi, da wurin dangwala yatsa. Malamin allura kan zo daga birni da akwatin ƙanƙara, ya zauna a wata baranda, ya kira suna daga takarda, wadda ta amsa ita ce. Ba ya ɗaga ido, kuma ko ya ɗaga mayafi za ya gani.

Wani alhajin gyaɗa ne ya fara kawo maganar. Ya ce ai aure da wakili ake ɗaura shi, Hajji ma ana yi wa wanda ya gaza, ragon layya wani ke yanka maka, to allura da mi ta fi su? Rekiya ta juya maganar ta ga ba ta da ɓula. Ta je ta amsa sunan matarshi, Larai. Larai ta je Makka ta dawo da haƙorin zinari da ƙiba. Shekara ta zagayo, Rekiya ta amsa wasu sunaye biyu rana ɗaya, ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, ta sake mayafi tsakani. Su ma sunka je sunka dawo lafiya lau. Ba wanda ya gaya wa Rekiya cewa ciwon babu shi a Makka, cewa mutanen can tsoron a kai musu shi suke yi, shi ya sa suke neman kati. Ita dai ta ga mata shida sun tafi da allurarta sun dawo suna rabon dabino da zamzam. Har ta fara jin kanta. In ta shiga gida, mata su ce ga mai hannun albarka. Sau ɗaya malamin ya riƙe damtsenta ya ce, "Hannun nan kamar na san shi." Ta ce, "Hannuwan masu daka duk kama gare su. Soka in tafi, na bar tukunya bisa wuta."

Ta bakwai ita ce Mairama.

Mairama ƙanwarta ce, ciki ɗaya. Uwarsu ta rasu a Zurmi Mairama na rarrafe, Rekiya ce ta goya ta, ta yi mata kitson fari, ta kawo ta Kaura, ta aurar da ita ga Atiku mai fataucin goro, wanda yarinyar ke so har tana rufe baki da gefen zane in an ambaci sunanshi. Atiku ya yi zama a Gwanja, a wani ƙauye cikin kurmi gaba da Kumasi, inda ake samun goro daga gindinshi. Shekara biyu yana zuwa yana komawa, sannan ya aiko a kawo mishi matarshi. Lokacin an yaye ɗiyarsu Safiya, an kai ta ɗakin Rekiya kamar yadda ake yi, don ta manta nono. Anka ce a bar ta nan, in uwar ta zauna da gindinta can, a zo a ɗauke ta.

Sodangi, wan Atiku, shi ne babba a gidan, shi ya haɗa takardu. Ya kira Rekiya zaure ya ce, "Aikinki ya samu, wanga karo na gida ne."

Ta ce, "Ko ba ka faɗa ba."

Ranar allurar ta biya ta ɗakin Mairama da hantsi. Ta iske ta tana jera kwanoni cikin akwatin ƙarfe, tana cusa tsumma tsakaninsu kada su yi ƙara a jirgi.

"Yaya, zo ki zauna bisa murfin nan, ya ƙi rufuwa."

"Ya rufu ta ina, kin kwashe Kaura duk kin zuba ciki? Har da muciya? Can ba su da itace?"

"An ce tuwonsu daka shi ake yi, ba tuƙi ba. Ni ba ni cin abin da ban sani ba."

"Za ki ci. Yunwa za ta haɗa ku."

Sunka yi dariya. Rekiya ta hau murfin, Mairama ta sa kwaɗo. Sannan ta tsaya da ɗan makulli a hannu, tana juya shi.

"Yaya, ko in ɗauki mayafi in bi ki? Matar Bawa da ta dawo daga can ta ce ciwon gaskiya ne. Ta ce damina ɗaya sun rufe mutum tara a zangonsu."

"Matar Bawa in kaza ta mutu sai ta ce annoba."

"Ni dai da an bar ni, in je a yi mini. Sodangi ba za ya hana ba in ke kinka ce."

Nan ne wurin. Duk shekarun da sunka biyo baya, in Rekiya ta zauna ita kaɗai nan hankalinta ke komawa, kamar harshe da haƙori mai ciwo. Don yarinyar ta faɗi gaskiya, Sodangi ba za ya hana ba; mutum ne mai son a rage mishi magana. Tashi mu je, shi ke nan abin da ya kamata Rekiya ta ce. Amma ta tuna yadda hannu kan yi tsami kwana uku, ga haɗa kaya, ga yawon bankwana. Ta tuna Mairama tun tana ƙarama ko ƙaya ta taka sai an danne ta kafin a cire. Akwai kuma wani abu can ƙasa, wanda ba ta cika son dubawa ba: in ƙanwarta ta ciki ɗaya ta je da hannunta, mi matan gari za su ce game da hannun albarka?

"Zauna," ta ce. "Ke da kike rufe ido in ana yanka kaza? Mata shida na yi wa, wace ta dawo da ko mura? Naki ma hannun dama zan ba da, shi ya fi kyau."

"To, Yaya."

Shi ke nan abin da ta ce. To, Yaya. Tun ta fara magana haka take cewa.

Rekiya ta je, anka kira Mairama Atiku, ta amsa, anka soka, ta dangwala babban yatsa. Wanga karo ko tsami hannun bai yi ba. Bayan sati biyu sunka raka ta tasha. Safiya na goye a bayan Rekiya tana barci, uwar ta leƙo ta taga tana cewa kada a ba ta kunu da zafi, kuma tana son shi da tsamiya kaɗan. Jirgi ya ja. Rekiya ta ɗaga mata hannun nan na dama har hayaƙi ya ɓace wajen hanyar Gusau.

Akwatin ya dawo bayan wata bakwai, da kaka, ana yankan gero. Atiku ya sauko da shi daga jirgi bisa kanshi, bai bari ɗan dako ya taɓa ba. Wasiƙa ta riga shi da sati uku, an yi kuka, an yi sadakar uku da ta bakwai, saura a ji yadda anka yi. Ya zauna zauren Sodangi, anka kira Rekiya ta durƙusa bakin ƙofa.

Ya ce zazzaɓi ne ya fara, da ciwon baya. Bayan kwana uku ta ji sauƙi, har ta tashi ta yi wanki, ta ce ya sayo mata kifi. Washegari idanunta sunka koma kamar garin ɗorawa. Ya jiƙa mata rawayar da ya tafi da ita daga gida, ta sha ta amayar. Daga nan aman ya zama baƙi, kamar an dama gawayi. Jini ta hanci, jini ta dasashi. Kwana takwas duka. Ya ce ranar ƙarshe ba ta gane shi ba, tana ta kiran Yaya ta zo ta ɗauke Safiya daga bakin rijiya.

Sodangi ya ce, "Kwana ya ƙare. Ko allura goma anka yi mata, ranar ba ta wucewa."

Rekiya ta ce, "Haka ne."

Da Atiku ya tsaya nan, da ta samu abin riƙewa. Amma mutumin kirki ne, irin masu faɗin komai don ba su san wanne za ya yi yanka ba. Ya ce ciwon ya bi zangon nasu ɗaki-ɗaki. Ya ce shi da ke kwana tabarma ɗaya da ita, sauro ɗaya na cizonsu, ko ciwon kai bai yi ba, shi da sauran fataken da anka tare a kan iyaka anka soka musu dole suna zage-zage. Ya ce ma'aikatan lafiya sun zo da mota suna bin gidajen da anka yi rashi, suna tambayar kati. Ya miƙa musu na Mairama. Babbansu ya duba, ya juya shi, ya kira na biyu, sunka yi ta turanci. Sannan tafinta ya ce mishi wai sun yi mamaki. Duk waɗanda sunka mutu ba mai kati ko ɗaya sai ita. Sun tambaye shi ko ya tabbata a hannunta anka yi.

"Mi ka ce musu?" in ji Sodangi.

"Na ce ba ni nan lokacin."

Ba wanda ya dubi bakin ƙofa. Da sun dubi Rekiya, ko sun zage ta, da ya fi mata. Sodangi ya jawo buta ya ce la'asar ta yi.

Da anka buɗe akwatin don rabon kaya, katin na sama, cikin leda, tsaf, ko lanƙwasa babu. Muciyar na ƙasa, bakinta ya ci, alamar ta samu abin tuƙawa. Rekiya ta ɗauki katin. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ta san yatsanta. Akwai tabon wuƙa da ya raba shi biyu tun tana yarinya, ga shi nan kwance cikin shuɗin tawada, ƙarƙashin sunan ƙanwarta. Ta sa shi ƙasan kwalla, ta jera tasoshi bisa.

Sau ɗaya ta koma barandar nan, lokacin alhazai na shekara mai zuwa. Ba suna ta je amsawa ba. Ta jira layi ya ƙare, malamin na rufe akwatinshi, ta matsa ta gaishe shi.

"Malam, allurar nan, takan ƙi kama mutum?"

"Da wuya, Iya. In ta yi kwana goma a jiki, shekara goma ciwon ba ya iya mishi komai."

"In an yi wa mutum ɗaya sau bakwai fa?"

Ya yi dariya. "Wannan ko sauron duniya ya taru kanshi. Wa anka yi wa sau bakwai?"

"Ba kowa. Tambaya ce."

Ta dawo gida ta dama wa Safiya kunu, ta sa tsamiya kaɗan, ta zauna tana fifita shi har ya huce ya wuce misali.

Daga nan ba ta sake miƙa hannu ba. In an aiko, ta ce sanyi ya kama mata kafaɗa. Ba ta ce kada a yi ba, ba ta ce ga dalili ba, don in ta faɗi dalili sai ta faɗi sauran. Aikin kuwa bai mutu ba, wasu hannuwa sunka gaje shi, tana ji tana gani tana tsintar wakenta. Atiku ya koma Gwanja, ya yi wani aure, aike ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Sodangi ya riga mu gidan gaskiya. Safiya ta tashi tana ce wa Rekiya Inna. Abin da ta sani game da uwarta shi ne shawara ta kashe ta a Gwanja, kuma an yi mata duk abin da ake yi, har allura, amma kwana ya ƙare. Rekiya ce ta gaya mata hakan da bakinta, ranar da yarinyar ta fara tambaya, tana yi mata kitso don kada su haɗa ido.

Yau ga Sanda, daga bayan danga, ya jawo wagga maganar ita kanta ya aza mata a gaba.

"Mi ka ce? Sake faɗi." Ta ajiye faifan. "Uwarta an yi mata allura kuma ta mutu, saboda haka allurar banza ce, kati ne abin nema. Wa ya gaya maka? ... Safiya ta gaya maka. To."

Kaza ta samu ta yage ganyen goron. Daga tasha ana jin wani na buga ƙarfe, ko da yake jirgin ya daɗe bai zo ba. Rekiya ta sake gwada kewayawa.

"Ka ji, ɗan nan. Ka tafi da ita da kanka. Ka tsaya bisa kanta, ka zare mishi ido, in ka so ka riƙe sandarka ta shanu. Damtse ne, wurin bai kai ƙwayar gero ba, kafin ka yi tari an gama... A'a, ba a jiƙa mata rawaya. Rawaya ta san shawarar Shinkafi, ba ta san ta kurmi ba... Wakili? Kai ma da wakilin? In na ci tuwo yanzu, Safiya ke ƙoshi? In na sha maganin tsutsa, cikinka ke wankewa?"

Muryar ta ci gaba, a hankali, ba ta ɗaga ba. Rekiya ta saurara har ƙarshe.

"Af. In na ƙi, akwai wata a Jangeru da ke yi. Har ka yi mata magana."

To, nan dabara ta ƙare. Ƙin da ta yi shekara goma sha takwas, na kafaɗa mai sanyi, bai taɓa tare komai ba, kewaye shi kurum ake yi. Yarinyar za ta hau mota da kati mai tsabta da damtse ba huda, ta nufi kurmi, ga damina tafe. Rekiya ta dubi asabarin ɗaki. Ta san in ta buɗe baki, wadda ke bayanshi ba za ta fito da fuskar da ta shiga da ita ba, kuma wataƙila ba a sake ce mata Inna yadda ake cewa. Ta aza wannan gefe ɗaya. Ɗaya gefen ta aza akwatin ƙarfe bisa kan namiji yana saukowa a tasha. Ba su zo nauyi ɗaya ba.

Ta tashi, gwiwa na ƙara, ta ɗaga asabari. Safiya na zaune bakin gado da zane ɗaya a hannu, wanda ta ɗauka tun farkon magana. Rekiya ta wuce ta, ta nufi wurin kwalla. Ta sauke tasoshi ɗaya-ɗaya, ta zura hannu ƙasan kwalla, ta fito da ledar. Ta koma tsakar gida, ta tsaya inda na ciki za ya ji, na waje za ya ji.

"Kai ka yi makaranta, karɓi." Ta tura katin ta tsakanin kara. "Karanta sunan... I, Mairama. Uwar matarka. Yanzu dubi yatsan da ke ƙasa, ka ga layin da ya raba shi biyu? To, dubi wanga." Ta zura babban yatsanta ta ramin dangar, ta bar shi nan. "Mairama allura ba ta taɓa ta ba. Ta ce in je da ita, na ce ta zauna. Ni na ce, ba Sodangi ba, ba kowa ba. Allurarta na nan jikina, tana tsare ni daga ciwon da ke wata ƙasa, ni da ban taɓa wuce Gusau ba."

Asabari ya motsa. Safiya ta fito. Ba ta yi kuka ba, kuma ba ta dubi Rekiya ba. Ta bi ta gefenta kamar yadda ake bi ta gefen turmi, ta ɗauki mayafinta daga igiya, ta yafa, ta je bakin ƙofa ta tsaya tana kallon ƙasa, hannun hagu riƙe da damtsen dama. Rekiya ta jira kalmar nan, Inna, ko da zagi ne za ya biyo bayanta. Ba ta zo ba.

Daga bayan danga muryar ta sake tasowa. Ta rage ƙarfi amma ba ta mutu ba, wani abu dai game da kwana da ajali da abin da Allah ya rubuta. Rekiya ta janye yatsanta ta goge a zane. Abin da ta faɗa daga nan shi ne na ƙarshe da anka faɗa a gidan ranar, don bayanshi ba a ji komai ba sai takalman mutum biyu, na mace a gaba, sun nufi barandar malamin allura.

"Ajali gaskiya ne, ban musa ba. Amma ni na yi wakilcin nan, na san inda ya tsaya. Na karɓar wa Mairama allura a Kaura, ranar da anka zo sa ta rami a Gwanja ba wanda ya aiko a kira ni. Je ka Jangeru ka tambayi matar. In ta yarda za ta kwanta wa Safiya kabari, ka bar ta ta karɓar mata allura."